Bisun Mai Wankin Linzami

Shekara ashirin da shida Bisun Deo ya yi yana gyaran tafireta a Lautoka, garin masu noman rake. Babu ofishin lauya ko kantin ɗan kasuwa da bai san ƙararrawar kekensa ba. Da kwamfuta ta shigo gari, ba a yi shekara uku ba aka tattara tafiretocin aka jibge a sito, kiran Bisun ya ɗauke.

Bai iya kwamfuta ba, amma ya lura da abu ɗaya. Linzamin kwamfuta da ake turawa a kan tebur, ɗan ƙwallon roba ne a cikinsa, yana murza wasu siraran sanduna biyu. Lokacin yankan rake kuwa, idan aka cinna wa gonaki wuta, baƙar toka har cikin ofisoshi take shiga. Ta haɗu da gumin hannu da maiƙon roti, gurasar da suke ci, ta daskare a jikin sandunan, sai kibiyar da ke allon kwamfuta ta riƙa tsalle, akawu na ta buga linzami a tebur yana tsaki.

Sai Bisun ya iso da 'yar jakarsa. Ya murɗe marfin ƙasa, ya zazzago ƙwallon, ya wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ya shanya a kan hankici. Ya kankare dattin sandunan da tsinke, ya bi da auduga mai sifirit. Yakan juya wa mutane baya in yana aikin, ya kuma ja shi rabin awa, alhali minti biyar ya isa. Da haka ya ciyar da gidansa shekara biyu.

A wani kamfanin inshora akwai sakatariya, Salanieta, wadda kullum takan ajiye masa shayi da dafaffen rogo. Zazzaɓi ya kwantar da shi mako guda. Da ya dawo, ya same ta idanu sun yi jawur.

"Kawu, kwana huɗu ina nemanka. Abin nan ya ƙi motsi, takardu suka makara, manaja ya tsaya gaban kowa ya ce ni ce ban iya aiki ba."

"Share hawayenki, 'yata. Matso ki gani. Amma daga ni sai ke."

Ya yi aikin a gabanta, sannu a hankali.

"Au, dama shi ke nan? Kai Kawu, ashe rabin awar nan shayi kake jira."

Suka yi dariya tare.

Ba da mugunta ta yi ba. Ƙawarta ta banki ta kawo mata kukan irin wannan matsalar, ta nuna mata, ita ma ta nuna wa wata. Kafin a gama yankan rake, duk sakatariyar da ke layin tana da tsinke da auduga a durowarta.

"Mun gode, Bisun," in ji manajan kamfanin inshorar ranar da Bisun ya koma, ko ɗaga kai bai yi ba. "'Yan matan suna yi da kansu yanzu."

Salanieta ta biyo shi har bakin matakala.

"Kawu, wallahi mutum ɗaya na gaya wa."

"Ni ma mutum ɗaya na gaya wa," ya ce, ya sauka bai waiwayo ba.

Daga baya ya samu ɗan gefe a bakin kasuwa, kusa da masu sayar da kaguwa, yana gyaran lema da zif ɗin jaka. Idanunsa sun fara rauni, sai ya kai allura dab da hancinsa kafin ya zura zare. Da damina Salanieta ta kawo masa lemarta, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya buɗe, ya juya ta, ya ga ƙarfe ɗaya ne kawai ya lanƙwashe. Ya miƙa mata, ya ce ba ta gyaruwa.