Argiro, Mai Wanke Tsingaro

Kafin masunta su dawo da safe, Argiro ta riga ta jera robobin ruwa a bayan coci, ta zauna da tsohon burushi tana wanke tsingaro. Shekara talatin da huɗu tana yi wa masu haƙar kayan tarihi wannan aiki. Sukan zo da rani, rana ta gasa su, su koma Atina, babban birnin ƙasarmu Girka, su rubuta littafi. Sunanta bai taɓa shiga ko ɗaya ba.

Abin da suke nema wani ƙaramin garin bakin teku ne da mutanen dā suka ambata, amma ba su faɗi inda yake ba. Mu muna cewa a nan yake, mutanen tsallaken ruwa suna cewa a can. Ni ne jagoran wannan gardama a shagon gahawa, ko da yake ban taɓa ɗaga ko tsakuwa ba.

Sai dai muna da wata al'ada. Duk wanda garmarsa ta ci karo da dutse mai rubutu, sai ya mayar da ƙasa ya ja bakinsa, don idan hukuma ta ji, an hana gini a wurin ke nan har abada.

Shekara uku da suka wuce, ɗanta ɗaya tilo, Lefteris, ya zo daga Jamus zai gina gida a gonarta ta zaitun, ya dawo da iyalinsa. Ana haƙa harsashi sai ga farin dutse. Argiro ta goge shi da gefen siket. Sunan garin da ake nema ne a rubuce, ɓaro-ɓaro.

"Mama, rufe shi," in ji Lefteris. "Waɗannan sun mutu shekara dubu biyu, ba sa sauri."

"To ai shi ya sa, ɗana. Sun gaji da jira."

"Jikokinki fa?"

Maginin da ke wurin ya ce ta juya ta fuskanci ɗan nata. Sannan ta ce, "Ara mini wayarka, tawa ba caji."

Da wayarsa ta kira hukuma. Aka kewaye gonar, Lefteris ya koma Jamus. Mu kuwa muka yanka rago, muka tsallaka ruwa takanas don mu yi wa maƙwabta dariya.

Ke ce kika ba garin nan sunansa, Argiro, mai hannun da ruwa ya cinye. Mu muka sha taɓi, ke kika rasa gidan da za ki riƙa jin hayaniyar jikoki.

Ranar Juma'ar nan za ta ajiye aikin gaba ɗaya. Mun gode, Inna. Masu gonaki, ku yi koyi da ita in kuna da ƙarfin hali. Ni dai Allah ya taimake ni ba ni da gona. Ku kuma masu zuwa ɗaukar hoto da dutsen, ku ƙarasa gida na uku bayan coci ku gaishe ta. Ku je da rana tsaka. Har yanzu girkin mutum biyar take yi, ita kaɗai take ci.