Masu Dafa Dutse a Gonata

Kakata Hajjo ba ta yin tatsuniya kyauta. A tsakar gidanmu na Kafin Maiyaƙi, in an yi isha'i, sai ta zube mana gyaɗa gaban murhu ta ce, "Ku ɓare, ni in yi magana. Kai mijin banza, matso nan." Ni ke nan. In ta gama ta karkaɗe zani ta ce, "Duk ƙarya na shirga muku, ku tashi."

Guda ɗaya ce ba ta taɓa rufewa da haka ba. Wai wasu mutane ne suka zauna gindin tudun nan, suna dafa dutse har ya zubar da ƙarfe. Mai neman garma, mai neman gatari, kowa wurinsu yake zuwa. Suka yi ta sare kirya suna yin gawayi, tsohuwarsu tana cewa a rage wa 'yan baya, suna yi mata dariya. Ran da itace ya ƙare wuta ta mutu, suka watse. A nan sai Hajjo ta karkaɗe zani ta tashi kawai.

To bana sai ga wata mata daga Zariya, wai aikinta rubuta labarin kayan mutanen da, waɗanda ake tonowa a ƙasa. Ta ga baƙaƙen duwatsun da na shekara da shekaru ina tsincewa a gonata ina tsaki, ta durƙusa kamar ta ga zinariya.

"Malam Sale, ai kashin ƙarfe ne wannan! An ce kakarka tana da labarinsu. Tatsuniya ce ko gaskiya?"

"In gaskiya ce fa?"

"Sai in rubuta, masu tono su zo. Ɗan kewaye wurin za su yi."

Ɗan kewayewa, ga shuka ta ƙarato! Kalma ɗaya zan faɗa, tatsuniya, ta hau acaɓa ta ba ni wuri. Na buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Hajjo da ta ware ƙaryarta da bakinta, ni zan ƙara mata wannan tana kabari? Na ce gaskiya ce.

Yanzu sun ja igiya daidai inda dawa ta fi yi min kyau, suna kankare ƙasa da ɗan cokali. Cokali, jama'a! Ina yaro na ɗauka Hajjo cewa take kada a cinye daji. Ashe ajiya tsohuwar ta ba ni, ba ta ko tambaya ina da wurin sawa ba. Bana dai a tsandauri na yi shuka.