Inda Malam Nasidi Zai Buɗe Hannu

Malam Nasidi mai ɗinkin riga ne a unguwar Limancin Kona, cikin birnin Zazzau. Tun yana saurayi yake zaune a zaure ɗaya, ƙafa a miƙe, riga a kan gwiwa. Idan ya yi wa riga adon aska takwas, tun daga nesa dillalai ke gane hannunsa. Ba shi da gona, ba shi da kiwo, allura ce ke ciyar da shi da matarsa Batulu. Mutum ne mai tsananin kunya, ko akuya ce ta shigo zauren sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Rabin labarin nan daga bakinsa na ji, sauran kuwa a gaban unguwa aka yi.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, yatsansa na tsakiya ya fara gardama. In ya dunƙule hannu ya zo buɗewa, sauran yatsu su miƙe, shi ya tsaya a lanƙwashe, sai ya sa hagu ya ja shi ya miƙe da ƙara, ƙas. Daga baya na kusa da shi ma ya bi sahu. Wanzami ya yi masa ƙaho, Batulu ta yi ta shafa man kaɗanya, allura dai ba ta daina faɗuwa ba. Wata riga ta yi wata da watanni a rataye, wuyanta rabi.

Da ƙyar ya yarda ya je asibiti. Likitan Ba'indiye ne, akwai wani ma'aikaci da ke fassara. Likita ya danna tafin hannun a gindin yatsan, ya ce a dunƙule a buɗe, ya ji wani ɗan ƙulli yana motsi. Ya ce jijiyar da ke jan yatsan ce ta kumbura, ga shi ta wata 'yar kafa take wucewa, kamar zare mai ƙulli a kafar allura. Wannan bayani ya yi wa Malam Nasidi daɗi. Aka yi masa allura a wurin, aka ce ya riƙa tsoma hannun a ruwan ɗumi.

Sai likita ya ce saura babban abu. Ya ɗaga tafinsa daidai fuskar Malam Nasidi, ya ware yatsu biyar, ya dunƙule, ya sake warewa.

Malam Nasidi ya dubi mai fassara. "Yaro, me na yi masa? Tsohuwata ta daɗe da rasuwa, ba ta ma san shi ba."

Mai fassara ya juya fuska bango, yana ƙunshe dariya. Da ya natsu ya ce, "Baba, ba daƙuwa ba ce, magani ne. Haka za ka riƙa yi safe da yamma. In ka ƙi, yatsun za su sandare, ka bar ɗinki. Ko aiki aka yi maka da wuƙa, bayan aikin ma wannan ɗin za ka yi."

Washegari Malam Nasidi ya tsoma hannu a ruwan ɗumi, ya fito tsakar gida, ya tsaya. Gabas alƙibla ce, ba maganarta. Yamma gidan liman. Arewa gidan su Batulu, kuma surukarsa na da rai. Kudu maƙabarta.

Batulu ta ce, "Malam, ka yi sama mana."

Ya dube ta kawai. Ta ce astagafirullahi, ta ce to ya yi ƙasa.

"Iyayena na kwance a ciki."

"Ka juyo da shi fuskarka."

"In zagi tawa da hannuna?"

Ta ce ya yi a cikin hannun riga, ba mai gani. Ya ce zagi a ɓoye ya fi muni, ga zagi ga munafunci. Ya gwada ɗaki, sai ya tuna bayan kowane bango akwai maƙwabci. Banɗaki kuwa ya ce ba ya neman rigima da mutanen ɓoye. A birnin Zazzau duk inda ka nufa da tafi akwai ɗan wani.

Sai ya fita bayan ganuwa, ya sami fili fetal, ya duba hagu da dama, ya ware hannu. Daidai lokacin wani baƙauye ya ɓullo daga cikin dawa a kan jaki. Mutumin ya sauko, ya ɗaure jakin a natse, ya tambayi Malam Nasidi inda ya san uwarsa. Sai da masu itace suka shiga tsakani. Malam Nasidi ya dawo gida hula a hannu, ya ce gara yatsun su sandare. Suka kuwa fara. Har alwala sai Batulu ta buɗe masa su.

Malam Bala, Bakano mai sayar da zare, shi ya fara lura an daina aikowa sayen zaren tsamiya. Ya zo zauren ya tarar da riga ta yi ƙura. Kanawa da Zage-zagi kowa ya san abokan wasa ne, duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a kai ƙara. Da ya ji labarin ya yi dariya har ya kwanta kan tabarma.

"Kai bawana, dama ciwon Bazazzagi ai ba ya wuce wannan. An ce ka yi zagi ka warke, ka kasa. Ga ni, yi min."

"Wasa bai kai ga uwa ba, Bala."

"Tawa Bakanuwa ce, ta ji wanda ya fi wannan a bakin Kasuwar Kurmi, ba ta rame ba. Amma zan rama."

Malam Nasidi ya ce sai an tambayi liman. Liman ya saurara, ya shafa gemu, ya ce aiki da niyya yake, amma kowannensu ya riƙa faɗin niyyar a fili don masu wucewa.

Haka aka fara. Kowace safiya da la'asar, dattawa biyu su zauna suna fuskantar juna a ƙofar zaure, kwanon ruwan ɗumi a tsakani. Malam Nasidi ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yi niyyar magani," ya ware. Malam Bala ya ce, "Ni ban yi ba," ya ware hannu biyu. Baƙi kan tsaya su yi salati, 'yan unguwa su ce musu su wuce, asibiti ake yi. Da farko yatsu uku ne ke miƙewa, Malam Bala ya riƙa cewa, "Wannan ba ta isa Kano ba, a hanya ta tsaya. Sake."

Wata la'asar biyar ɗin suka miƙe gaba ɗaya, ba ƙara, ba maƙalewa. Malam Bala ya duba da kyau, ya ce wannan kam ta isa har ɗakin tsohuwa. Malam Nasidi ya ba shi haƙuri, ya ce a ba ta haƙuri ita ma in an je gida. Sannan ya sauko da rigar, ya kakkaɓe ta, ya zura zare a allura da kansa, ya ɗora daga inda wuyan ya tsaya.