Yashin da Na Zuba a Ƙofar Gidanmu

Lokacin da muke yara a Mandawari, da wuya ka ga gidan da ba shi da ɗan sarari a ƙofarsa. Nan ake ɗaure jaki, nan ake shanya hatsi, nan dattawa ke shimfiɗa buzu bayan la'asar. Yanzu kuwa ka bi lungu tun daga bakin titi har ƙarshensa, bango ne ke bin bango. Wanda yake da taku uku a ƙofar gida ya fitar da shago, mai taku biyar ya ɗora bene. Idan mai kura ya shigo da jarkokin ruwa, sai ka manne da gini kafin ya wuce.

Namu filin ne kaɗai ya rage. Baffa, wato mahaifinmu, Bafulatani ne da ya zauna a birni, amma bai iya rayuwa ba dabba ba, saboda haka ya bar fili mai faɗi a ƙofar gida yana ɗaure saniya biyu da ɗan maraƙi. Bayan rasuwarsa na gina gareji a gefe guda, babba, wanda zai ci mota biyu ko da yake ɗaya gare ni. Ƙaramar mota ce, ita ma da ƙyar take ratsa lungun. Sauran filin na bar shi don ta sami wurin juyawa.

Aiki ya yi ta yawo da ni shekaru da yawa. A Alƙahira na ga yadda ake ɗora gida kan gida har ka rasa inda rana take. A Istanbul na ga shagon da bai fi tabarma faɗi ba yana ciyar da iyali. A bayan garin Landan kuma na ga kowane gida da wurin ajiye motarsa, a share tas, amma ban taɓa ganin wanda ya zauna a wurin ba. Da na yi ritaya na dawo gida, da idon Alƙahira na dawo. Na dubi filin Baffa na ga asara. Na sa aka zana mini bene, shaguna a ƙasa, ɗakuna a sama.

Yayata, wadda ta dawo gidan da zama tun da mijinta ya rasu, ta juya takardar zanen sama da ƙasa ta miƙo mini.

"Duk yawon duniyar da ka yi, abin da ka koyo ke nan? Toshe ƙofa?"

"Yaya, ba toshewa ba ce, gyara ne."

"To, Allah ya sa. Ni dai na san Baffa bai taɓa ɗora ko tubali ɗaya a nan ba, kuma ba don bai san magina ba."

Ban saurare ta ba. Ranar wata Talata aka yi ta shigo da yashi da bulo a baro, tunda tifa ba ta shiga lungunmu. Kafin yamma fili ya cika, sai 'yar hanyar da na bari a gaban gareji.

Maƙwabcinmu na jikin fili wani Malam ne mai sana'ar wankin hula, Babarbare, tare muka tashi. Saboda wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, tun muna yara ba ya kirana da komai sai "bawana", ni ma haka nake rama masa. Shekara biyu kafin wannan lokaci ɓarin jikinsa ya shanye. Da sanda yana iya yin taku goma, daga zaurensa zuwa bakin fili, nan ake ajiye masa kujera. Ranar ya dubi tarin yashin ya ce:

"Bawana, an bar kiwon shanu an koma kiwon yashi?"

"Kai da ba ka da ko akuya, ina ruwanka da kiwo?"

Muka yi dariya, na shige gida.

Ranar Alhamis da hantsi matar Malam ta rasu. Aka sa jana'iza bayan azahar.

A ƙasashen Larabawa na sha ganin an shiga da gawa masallaci an yi mata salla. Mu a nan ba haka muka taso ba. A ƙofar gida ake ajiye makara, a ja sahu, a yi salla. Kuma tun da lungu ya matse, duk wanda ya rasu a zagayenmu, a filin Baffa ake sallatarsa. Na sani sarai, na tsaya a sahun nan ba sau ɗaya ba. Amma duk kwanakin da na yi ina kallon zane, ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba.

Na shiga zauren Malam don yin ta'aziyya na tarar ana shawara. An ce sai dai a kai makara bakin titi, tunda babu wuri. Titin da nisa, ga kwata ta raba lungu biyu, wani wurin ma a kan katako ake tsallakawa. Babban ɗan Malam ya ce zai goya shi.

"Ba za a ɗauke ni kamar buhu a gaban gawarta ba," in ji Malam. "Ku je ku yi mata salla. Ni zan yi mata addu'a daga nan."

Na durƙusa na ce Allah ya jiƙanta, ya ba shi haƙuri. Ya riƙe hannuna ya ce, "Amin. Na gode, Alhaji."

Alhaji. Tun da nake da shi bai taɓa kirana haka ba. Bai ambaci yashi ba, babu kuma wanda ya ambata a cikin zauren, kowa ya sunkuyar da kai. Mutum ya zauna da matarsa shekara arba'in da wani abu, ga shi ba zai tsaya a kan gawarta ba saboda ni.

Ina fitowa na ga Yaya a bakin zaurenmu da hijabinta, makulli a hannu.

"Ungo. Fitar da motarka ka kai ta titi. Garejin da ka yi wa mota biyu, yau zai ci yashi."

Kafin in dawo daga ajiye motar an fara aiki. Ban san wanda ya kira mutane ba. Magina sun fito da shebur da kwanon sarki, mahaucin lungu ya bar teburinsa, malaman makarantar boko sun naɗe hannun riga. Daga cikin gidaje mata suka yi ta aiko da bokiti da baho. Aka yi layi ana miƙa bulo hannu da hannu har ƙuryar gareji. Na sunkuya na ɗauki kwano ɗaya, sai telan da ke ɗinka mini kaya ya fizge shi.

"Haba Alhaji, ajiye. Jana'iza ɗaya ma ta ishe mu yau."

Na koma ɗaukar tsintsiya. Ana kiran azahar muna yayyafa ruwa a ƙasa.

Bayan salla aka fito da makara aka ajiye ta a daidai inda Baffa ke kafa turken shanunsa. Sahu ya cika fili har bakin gareji. Malam ya fito da sandarsa, ya yi takunsa goma da ƙafarsa, ya tsaya a sahun farko, hannunsa mai lafiya a kafaɗata. Ina jin nauyinsa yana ƙaruwa da kowace kabbara, amma bai zauna ba har liman ya yi sallama. Da aka ɗaga makara za a tafi maƙabarta, ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Bawana, yau ka yi aiki. Allah ya jiƙan Baffa."

A filin aka yi zaman makoki kwana uku. Ina zaune a kan tabarma ina kallon masu shigowa, ina tuna wuraren ajiye motar nan na Landan da babu mai zama a cikinsu. Na gode wa Allah da Baffa ya bar mana fili, na gode da Yaya ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba, ko da yake na ga maganar a fuskarta har mako guda. Na fi gode wa maƙwabtan da suka kwashe kuskurena a kansu, kwano kwano, ba wanda ya yi mini gori.

Yashin bai lalace ba. Da shi aka yi wa filin daɓen siminti, bulon kuma ya zama dakali a jikin bango, inda Malam ke zama yanzu. Na tara 'ya'yana da na Yaya a gaban liman na ce ko bayan raina kada a yi gini a wurin. Rabin gareji na mota ne, rabin kuma na tabarmi da butoci da bencin unguwa, kuma makulli ɗaya yana hannun liman. Tun daga ranar nan ba a taɓa ɗaukar gawar kowa daga lungunmu zuwa bakin titi don yi mata salla ba.