Wai ni za a duba

"Hauwa'u, akwai abin da ke damunki?"

Wata malama daga jami'a ce take tambayar 'yata a ƙofar gidanmu a Zakirai. Bincike suke yi kan damuwar yara a wannan tsadar rayuwa. Ni ina gefe ina gyara fartanya.

Yarinya ta ce, "Ni ƙalau nake, Babana za ku duba. Tunda taki ya gagara, kullum yake yi wa gero wa'azi a gona, wai ya ji tsoron Allah ya girma hakanan. Shi ya sa nake rage masa tuwona."

Malama ta danne dariya ta ce, "Baba, matso kusa."

Na matsa, idona ya ciko. Ashe damuwar da nake ɓoyewa a gida, yarinya ta daɗe da ganinta.

Ku naku yaran, wane asiri suka taɓa tona muku?