Ƙyallayen Matan Bakin Gulbi

Ana sallame sallar asuba muka bar Isa, ni da ƙanwar maigidana, ɗiyata goye a baya tana barci. Sabon Birni muka nufa, inda aka yanke mini cibi. Maigida ya riga ya faɗa mini: damina uku ke nan gero bai cika rumbu ba, bayan Sallah za mu koma Sakkwato da zama. Ban ja da shi ba. Abu guda na roƙa, ya bar ni in je in dubi gulbinmu. Ina son in ɗinka wa yarinyar nan bargo na haɗin ƙyallaye, mai fasalin bakin ruwan da na tashi. Ita ba ta taɓa ganinsa ba, kuma ban san ranar da za ta gani ba.

Motar 'yar bas ce, mutum kan mutum, buhu kan gwiwa, ga wata akuya da ta mai da gefen mayafina abin karin kumallo. Gonaki hagu da dama kara ne gajere, ya bushe tun bai fid da kai ba. Da muka doshi Gatawa, inda 'yan bindiga ke tare hanya, hira ta mutu, kowa ya kama salati a zuci. Na kwanto yarinya na maido ta gaba, na lulluɓe ta, sai ka ce mayafi na tare wani abu. Allah dai ya tsare, muka wuce.

A tasha ƙosai ya ƙanƙance kamar ƙwallon magarya. Na tambayi kuɗin tiyar gero, aka faɗa mini, na yi gaba abina. Bafillatar da ta dama mana fura ta ba mu haƙuri kan nono, ta ce shanun ma da ƙyar suke tsayuwa.

Daga gidan Gwaggo, ƙanwar babana, muka gangara gulbi tare da ita. A kaina ina riƙe da ruwa mai faɗi, da jirgin fito, da shanyar wanki bisa ciyawa, da koren albasar fadama. Abin da na tarar yashi ne, fari fat. Jirgin na kife, kaji na fakewa ƙarƙashinsa. Ruwan ya koma can gaɓar ƙetare, siriri kamar igiyar guga. Mata sun tona ramuka cikin yashin suna kwarfa da ƙoƙo.

Daga baya na tsuguna, na ɗauki tsinke na fara zana bargon a ƙasa: shuɗi a tsakiya, ruwan ƙasa a gefe, kore a baki. Matan ne suka gagare ni, don ba a sa siffar mai rai a abin shimfiɗa. Sai dabara ta zo mini: kowace mace ta zama ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, daga zanen da ke jikinta. Don murna ban ko yi tunani ba, na miƙe na roƙe su kowa ta yankar mini bakin zanenta.

Ƙoƙuna suka tsaya cak. Wata da muka yi wasan ƙasa tare ta dafe zanenta ta ce, "Ke! Bakin zanena? Wane boka ya aiko ki?"

Aka yi dariya, amma kowa ta ƙara ɗaure gindin zane. Ashe na manta cewa da ƙyallen jikin mutum ake yi masa sammu. Kunya ta rufe ni, hawaye ya zo.

Gwaggo ta ce, "Ku ji min mata! Ɗiyar da kunka yi wa wanka cikin gulbin ga ita za ta sammace ku? Mi kuke da shi na sammacewa, ƙoƙo ko tulu?"

Ta sa na sauke yarinya, ta karɓi zanen goyona, ta kama bakinsa da haƙori ta yage. "To ga nata. Wadda duk ta ba da, ta riƙe wanga. In ta yi muku, ku yi mata."

Nan reza ta fito daga lalitar wata. Aka shiga yanka ana musanye: atamfa koɗaɗɗiya, shadda mai tabon manja, wani baƙin zane da ya girme ni. Ƙawar tawa ce ta ƙarshe, kuma nata ya fi na kowa girma. Ta cusa mini a hannu ta ce, "Ki sa ni kusa da ruwa, kin san ƙahwata ba ta son nisa."

Kafin la'asar muka kamo hanya, don direbobi ba sa yarda yamma ta same su a daji. Ƙyallayen na ƙulle a ƙirjina har Isa.

Yanzu na fara ɗinki, da allura da zare, layi ɗaya a yini in yarinya ta bari. Tafiyar nan ta koya mini ba a ɗauko gida a tafi da shi sai an bar wani abu a madadinsa. Zanen goyona ya rage tsawo, da ƙyar yake ɗauruwa, bakinsa duk zare. Ƙanwar maigida ta ce in kai wa tela ya kalmashe. Na ce a bar shi haka. Sauransa na Sabon Birni, a hannun masu kwarfa.