Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

Gajeriyar mace ce mai furfura, tabarau a kan hanci, tana kula da na'urar zaɓe mai tantance zanen yatsa a ƙauyenmu, nan arewacin Brazil. Na'urar ta ƙi gane yatsan tsoho Valdomiro, don aikin fasa ƙwallon kashu ya cinye zanen. Layi na gunaguni, tsoho ya ɗauki hularsa zai tafi bai yi zaɓe ba.

"Ina za ka, Baba?" in ji ta. "Goga yatsan a goshinka, maiƙonsa ai ya isa soya kifi!"

Ta riƙe hannunsa kamar wadda ta yi jinyar mahaifinta. Ya goga yana dariya, ya ɗora, na'ura ta karɓa.

Da layi ya zo kaina na ce mata na gode. Ta dube ni, "Na me?"